Tambayoyi Arba'in na Malama Zuhra

Ranar da Abdulhakeem ya fara ganin Zuhra, gyara ta yi masa a gaban malamai talatin, kuma ko sassauta murya ba ta yi ba.

Taron bita ne na malaman Turanci da aka kira a Gaya wata Asabar. Makarantun al'umma guda shida, uku daga Gaya uku daga Ajingi, sun haɗa kai suna shirya wa 'yan ajin ƙarshe jarrabawar gwaji duk shekara. Abdulhakeem ya zo daga Toranke da kwamfutarsa a rataye, shaddarsa ta sha guga, shi aka ce ya fito ya rubuta misalin tambaya a allo. Ya rubuta jimla mai jera abubuwa uku, ya sa zaɓi huɗu a ƙasa, ya kaɗe allin hannunsa yana jiran yabo.

Sai ga hannu a sama daga layin mata.

"Malam, amsa biyu ce daidai a nan," in ji mai hannun. "Ta biyu da ta huɗu. Bambancinsu waƙafi ne kawai kafin abu na ƙarshe, kuma masu harshen ma ba su daidaita a kansa ba. Yaron da ya zaɓi ta huɗu za ka kayar da shi ne bai yi laifin komai ba."

Ya juya ya sake karantawa. Gaskiyarta ce. Aka yi 'yar dariya, wani dattijo ya ce yau an gamu. Kamata ya yi ransa ya ɓaci, amma shi gogan naka sai ya tsaya yana kallon fuskar da ke cikin shuɗin hijabin nan, har sai da aka tuna masa ya koma ya zauna.

Da aka tashi, ya same ta a gindin darbejiya tana jiran motar Kademi.

"Ranki ya daɗe, wadda ta kayar da ni a bainar jama'a ai ta faɗa mini sunanta."

"Ni ban kayar da kai ba, Malam. Yaron da ba ya nan na tare wa faɗa. Sunana Zuhra."

"To, Malama Zuhra, ke ya kike koyar da wannan babin? Nawa ɗaliban sun ƙi gane shi."

Ta yi murmushi. "Ce musu nake yi kalmomin da aka jera 'yan biki ne, dole su yi anko. In ta farko ta ɗaura atamfa, kada ta uku ta zo da leshi. In ka ce *Hajo likes cooking, sewing, and to read*, to ta ukun nan ba ta yi anko ba, sai a mayar da ita gida ta sako *reading*."

Ya yi dariya har da dafa bishiya. Kafin motar ta cika ya karɓi lambarta, wai don ya riƙa tambayarta abin da ya shige masa duhu. Tambaya ɗaya ya yi ta aiki, sauran duk na zuciya ne.

Saƙonsa na farko da ya fita daga hanyar makaranta ya shigo ne wata Laraba da hantsi, tana ofishin malamai:

"Malamata, yau na shiga aji na manta abin da zan koyar. Tunda ke ce sanadi, ke za ki faɗa mini maganin abin."

Ta amsa masa:

"Maganin yana Kademi, a zauren Malam Audi. Ba a ba da shi ta waya."

Ran Juma'a bayan La'asar sai ga shi a mashin.

Malam Audi manomi ne, mai magana ɗaya, kuma da farko bai saki fuska ba. Shi ransa ya fi kwanciya da Abdullateef, ɗan ƙanwarsa, mai shagon littattafai a Gaya, wanda ya daɗe yana kai-kawo duk da Zuhra ba ta taɓa ba shi fuska ba. Amma dattijon ba mai tilasta wa 'ya ba ne. Ya aika Toranke aka bincika, aka dawo masa da labarin cewa yaron maraya ne mai ladabi, kawunsa Malam Gwadabe ne ya riƙe shi tun yana ɗan shekara bakwai, shi ya yi masa karatu har ya zama malami. Malam Audi ya ce to, su je su daidaita. Bayan wata huɗu aka kawo kayan na-gani-ina-so.

A cikin irin wannan zuwa na Juma'a ne ta nuna masa littafinta. Kauri ne da shi, baƙin bango, gefensa ya yi laushi don shan hannu. Shekara uku tana cika shi da tambayoyi a kan jeri, da waƙafi, da waƙafi mai ruwa, da inda ake sa ruwa biyu. Abin da ya ba shi mamaki shi ne sunayen da ke gefen kowane shafi, kowanne da kwanan wata.

"Waɗannan fa, Zuhrata?"

"Masu kuskuren ne. Ni ba na ƙirƙirar amsar da ba daidai ba. Sai ɗalibi ya yi kuskure da hannunsa nake ɗauka in mayar da shi zaɓi, in rubuta sunansa da ranar. In na ga mutum biyar sun faɗa rami ɗaya, na san laifina ne, sai in sake darasin."

Ya yi ta juya shafukan a hankali. "Wannan ai bai kamata ya ƙare a cikin jaka ba. Ba ni in buga miki shi a kwamfuta, wata rana ya zama littafi da sunanki a bango."

Ta karɓe littafin ta rungume a ƙirji. "Ko Inna ba na bari ta taɓa shi."

"Ni ai ba Inna ba ne. Ni ne wanda za ki ba wa kanki gaba ɗaya nan da 'yan watanni, littafi ne zai gagara?"

Ta rufe fuska da gefen hijabi tana dariya, ta miƙa masa da hannu biyu. "Amana, Hakimuna."

"Amana," in ji shi.

To, shi Malam Gwadabe shi ne shugaban kwamitin jarrabawar gwajin. Yadda suke yi, shugaba ne kaɗai ke tsara tambayoyin Turanci, ya kawo su a rufe, magatakarda ya buga. Magatakardan kuwa Abdulhakeem ne. A wannan shekara aikin gona da yawon sasanta rigingimun dangi suka cinye lokacin dattijon, har ya rage kwana uku a kai takarda wajen bugawa babu ko tambaya ɗaya a ɓangaren nahawu. Ya shigo ɗakin ɗan ƙanwarsa da safe, ya tarar da shi yana buga littafin Zuhra, ya ja kujera ya karanta shafi biyu.

"Ciro mini arba'in daga nan."

"Kawu, na wata malama ne. Na Zuhra ne."

"Tambaya ai tambaya ce. Wa ka taɓa gani ya rubuta sunansa a jikin tambaya? Kuma ba matarka ce za ta zama ba? Kayan gida ne."

"To bari in sanar da ita."

"Kul! Ka faɗa mata abin da zai fito a jarrabawa? Ka san sunan wannan?"

A nan ne Abdulhakeem ya yi abin da har yau in ya tuna sai ya sunkuyar da kai. Ya ciro arba'in ɗin. Ya ce wa kansa ai ƙila ba ta koyar da su duka ba, ai bayan jarrabawa zai faɗa mata su yi dariya. Juma'a biyu ya zo Kademi ya zauna a gabanta yana kiranta Malamata, bakinsa bai buɗe ba.

Ranar jarrabawa Zuhra ba ta makarantarsu, don musanya malamai ake yi wajen sa ido, ba a sa malami tsaron darasin da yake koyarwa, kuma takardun tambaya akan tattara su a mayar tare da na amsa. Da yamma 'yan ajinta suka tare ta a hanya suna tsalle, suna cewa duk abin da ta koya musu ya fito. Ta ɗauka babin suke nufi. Ta yi ta sa musu albarka.

Bayan mako biyu aka aiko mata takardar kira gaban kwamiti.

Shugabannin makarantu shida ne zaune, Malam Gwadabe a tsakiya, Abdulhakeem a gefe da biro yana rubuta abin da aka tattauna. Aka ce mata ɗalibanta ashirin da takwas kusan duk sun cinye ɓangaren nahawu, alhali a sauran makarantu da ƙyar ake samun mai rabin maki. Aka ajiye littattafan aikin yaran a gabanta, aka ajiye takardar jarrabawa a kusa da su. Tambayoyin iri ɗaya ne, har waƙafi bai sauya wuri ba.

Ta karanta ta farko, ta biyu, ta biyar.

"Waɗannan ai nawa ne," ta ce. "Ni na rubuta su."

Malam Gwadabe ya gyara zaman hularsa. "Naki? Yarinya, shekara ashirin da biyu ina tsara jarrabawa. Kowa ya san yaron nan yana zuwa gidanku da kwamfutarsa a rataye. Ba na zarginsa, na san tarbiyyar da na yi masa. Amma mutum yakan tashi ya je masallaci ya bar jaka a zaure."

Ta nemi a kawo tsofaffin littattafan ɗalibanta na bara. Shugaban makarantarsu ya girgiza kai cikin tausayi. Shi ma ya nema, amma a ƙauye littafin da aka gama da shi ƙunshin ƙosai da gyaɗa yake komawa.

Sai ta juya wajen mutum ɗaya tak da ya san komai. Har ga Allah ba ta ji tsoro ba a lokacin, don ta san yana wurin.

"Malam Abdulhakeem, littafina yana hannunka. Faɗa musu."

Ya dubi kawunsa, kawun ya dube shi. Ya mayar da idonsa kan takardar gabansa.

"Ni dai abin da aka ba ni na buga."

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta dai ci gaba da kallonsa har aka gama karanta hukunci: an dakatar da ita daga koyarwa, an riƙe sakamakon ɗalibanta. Shi da kansa ya rubuta hukuncin, da biron da ta saya masa.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Abdullateef ne ya kawo shi a mashin, yana ta salati kamar wanda abin ya dama. Kwana biyu kacal, Kademi ta ɗauka. A bakin rijiya ana cewa malamar da ake yabo ashe satar jarrabawa take yi, daga jakar saurayinta ma. Iyayen da 'ya'yansu suka rasa sakamako suka daina amsa gaisuwar Inna Hure, mahaifiyarta. Wata ta aiko a faɗa mata cewa 'yarta ta cuci marayu.

Malam Audi bai tambayi 'yarsa ko ta yi ko ba ta yi ba. Shekara uku yana dawowa daga gona yana tarar da ita a tabarma da baƙin littafin nan. Ya sa aka haɗa kayan na-gani-ina-so, ko tsinke bai bari ba, ya ba ƙaninsa ya mayar Toranke.

Saƙonnin Abdulhakeem suka yi ta shigowa wayar Zuhra. Ba ta buɗe ba sai a kwana na huɗu.

"Zuhrata, don girman Allah ki saurare ni. Kawu shi ne ubana, shi ya ɗauke ni ranar da aka binne mahaifina. Da na yi magana a wurin nan, da na tozarta shi a gaban sa'o'insa. Ki ba ni lokaci, zan san yadda za a gyara a hankali. Wallahi ina son ki."

Ta rubuta amsa ta goge ya fi sau biyar. Wadda ta tura ita ce:

"Na yarda kana so na. Amma da ka auna mutuncinsa da nawa, ka ga nawa ne mai sauƙin zubarwa. Babana yau bai je majalisa ba saboda kunya. Kada ka sake kira na Zuhrarka. Ka aiko mini da littafina."

Abin da ya fi ƙona mata rai ba korar ba ce. Tunawa take yi da Juma'o'in nan biyu da ya zauna yana mata dariya alhali ya sani. Takan zauna tana tankaɗe sai ta ga hawaye na ɗiga a cikin garin.

A mako na biyu Abdullateef ya zo da turare da murmushi.

"Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Ni ko kin yi, na yafe miki. Kowa yana kuskure. Ki bar koyarwar nan, in aure ki, magana ta mutu."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Yaya Abdullateef, wato ka yarda ɓarauniya ce ni, kuma a haka za ka taimaka ka aure ni? Na gode. Ka gaida Gwaggo."

A Toranke kuwa, Abdulhakeem ya rame kamar mai jinya. Littafin yana ƙarƙashin katifarsa. Kawu ya ce ya kawo masa shi, ya yi ta hanya-hanya. Wata safiya mahaifiyarsa, Hanne, ta tarar da shi zaune da littafin a buɗe, kokon da ta kawo masa ya huce. Ta matsa masa, ya faɗa mata komai.

Sannan ta ce, "Yaya Gwadabe ya yi mana abin da ba za mu iya biya ba. Amma ban ba shi kai don ya koya maka cin amanar 'yar mutane ba. Ka je ka same shi tukuna, kada ya ji a bakin wasu."

A gona ya same shi, yana duba masu huɗa. Ya durƙusa a kan kunya.

"Kawu, gobe zan kai littafin nan gaban kwamiti. Na zo ne in roƙe ka ka riga ni magana."

Dattijon ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. "Saboda mace za ka kwance mini zani a kasuwa?"

"Ba don mace ba ce, Kawu. Ko namiji ne, nasa ne."

"To ka je. Amma ranar aurenka ka nemi wanda zai karɓa maka, ba ni ba."

Washegari ya tsaya a gaban shugabannin nan shida. Ya ce ƙarya ya yi a zaman farko. Ya buɗe littafin ya fara karanta sunaye da kwanan wata: wance, shekara uku da suka wuce, wane, bara waccan. Shugaban makarantar Kademi ya karɓa ya duba, ya ce wannan yarinyar ai ta yi aure tana goyo, wannan yaron kuma yana Kano yana koyon gyaran waya. Tawada kala uku ce a littafin, wata har ta koɗe. Babu wanda ya ƙara tambaya. Malam Gwadabe ya tashi ya ɗauki sandarsa ya fita, bai dubi kowa ba.

Aka sauke shi daga shugabanci, aka cire Abdulhakeem daga magatakarda. Aka saki sakamakon yara, aka rubuta wa Zuhra takardar ban haƙuri, ta koma aji.

Da za a tambaye ni, da na ce nan ya kamata komai ya warware. Amma takarda a ambulan ta zo, mutum huɗu suka karanta. Zancen kuwa gari guda ya ji shi. Wasu ma cewa suka yi ai saurayin ne ya ɗauki laifin don ya rufa mata asiri.

Ran Juma'a Abdulhakeem ya zo da littafin a naɗe cikin sabon ƙyalle. Zuhra ba ta fito ba. Malam Audi ne ya karɓa a zaure, ya bar shi a durƙushe.

"Ka yi abin da ya kamata, amma ka yi shi a makare. A ofis kuka wanke ta, a Kademi kuka ɓata ta. Ni ba zan ba da 'yata gidan da har yau babbansu bai buɗe baki ya ce ƙarya aka yi mata ba."

"Baba, kawuna ko gaisuwata ba ya amsawa."

"Wannan kuma tsakaninku ne."

Daminar nan gaba ɗaya Abdulhakeem ya yi ta ne tsakanin gidaje biyu da ba a son ganinsa. Kullum da sassafe ya je ya durƙusa ya gaida kawunsa, kawun ya kau da kai. Ranar da babu makaranta ya ɗauki fartanya ya shiga gonar dattijon ba tare da an sa shi ba. Ran Juma'a kuma ya hau mashin ya je Kademi, ya gaida Malam Audi, ya juya. Bai sake tura mata saƙon soyayya ba. Abu ɗaya yake rubutawa duk mako: "Na zo na gaida Baba. Allah ya huci zuciyarki, Malama."

Sai da gero ya fara fitar da kai sannan wata Juma'a ta fito. Ta tsaya daga bakin ƙofar zaure, ba ta zauna ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Da aka dakatar da ni, kai ka rubuta. Me ka ji?"

Ya kasa ɗaga ido. "Na ji na tsani hannuna. Ba ni da wani uzuri, Zuhra. Tsoro ne ya kama ni, na bar ki ke kaɗai."

"Da ka ce mini don ladabi ka yi, da na koma ciki." Ta share ido da bayan hannu. "Na so in daina son ka, Abdulhakeem. Na yi ta addu'a a kan haka. Allah bai amsa ba."

"Alhamdu lillahi da bai amsa ba."

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka. "Kada ka yi murna tukuna. Maganar Baba tana nan. Ni ma ita ce maganata."

Abin da ya juya zuciyar Malam Gwadabe, babu wanda ya sani dalla-dalla. Wasu sun ce Hanne ce ta je ta zauna a ɗakinsa wuni guda tana tuna masa mahaifiyarsu. Wasu sun ce ganin yaron yake yi a gonarsa cikin ruwan sama har abin ya ishe shi. Abin da aka sani shi ne bayan an yi girbi ya aika wa Malam Audi cewa a sa rana, zai zo, kuma ya ji sharaɗin.

Ranar Asabar ɗin da aka sa ta ɗaurin aure, ƙofar gidan Malam Audi ta cika maƙil da mutanen Kademi da na Toranke, har da 'yan ƙauyukan kusa da suka zo kara. An sa lasifika saboda yawan jama'a. A cikin gida Zuhra na zaune a tsakiyar ƙawaye, lalle ya kama ja wur, amma har lokacin ba ta tabbata dattijon zai iya ba.

Liman ya nemi wakilin ango. Sai aka ji wata murya mai kauri ta ce a dakata.

"Jama'a, sunana Gwadabe, ni ne kawun yaron nan. Kafin in nemi aure, akwai nauyin da zan sauke. Tambayoyin da aka ce Malama Zuhra ta sata, nata ne, da hannunta ta rubuta su. Ni na ɗauka ban tambaye ta ba, kuma da asiri zai tonu na ɗora mata. Duk wanda ya taɓa faɗin mummunar magana a kanta, daga bakina ya samo ta. Ina roƙon ta gafara, ina roƙon mahaifinta, ina roƙon ku."

Matar nan da ta taɓa aiko wa Inna Hure da baƙar magana tana tsakar gidan, ludayi a hannunta, ta rasa inda za ta sa idonta. Inna Hure ta ɗaga hannu sama tana hamdala, hawaye na bin fuskarta.

Muryar Malam Audi ta biyo baya, a natse kamar kullum. "Mun yafe, Malam Gwadabe. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Yanzu nemi abin da ka zo nema."

Aka nema, aka bayar, aka shafa fatiha. Guɗa ta tashi har sai da kaji suka watse.

Wayar Zuhra ta yi ƙara a cinyarta. Ta buɗe.

"Kin ji, amaryata? Gari duka ya ji. Ko yanzu zan iya kiran ki da sunan da kika hana ni?"

Ta goge fuska, ƙawaye na leƙe suna tsokana, ta rubuta:

"Na ji, angona. Ka kira. Kuma ka ce wa Kawu na yafe masa har cikin raina."

Da yamma, kafin a fita da ita, Malam Audi ya sa aka kawo ta gabansa. Ya dafa kanta ya daɗe.

"Kin fita daga gidan nan da sunanki fes, kamar yadda na raɗa miki shi. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa mijinki ya zama mai tsaya miki tun a karon farko."

Duk ɗakin aka amsa da amin, kuma ta Zuhra ta fi ta kowa ƙarfi.